Yara suna tara kashi biyu su raba biyu: ta ina za a kama darasin kashi cikin ɗari da matsakaici mai nauyi?

Malama_JSS2

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku kan darasin kashi cikin ɗari a aji biyu na ƙaramar sakandare, da kuma matsakaici mai nauyi a aji ɗaya na babbar sakandare. Yaran sun haddace "a raba, a ninka da ɗari", kuma idan tambaya ta zo kai tsaye suna cinye ta. Da zarar an ɗan juya ta, sai kurakurai uku su fito, kusan kullum su ne.

Idan aka ce kaya ya tashi daga naira 800 zuwa naira 1,000, sai su ce ƙarin kashi 20 ne. Idan aka ce an ƙara wa farashi kashi 20, daga baya aka rage kashi 20, sai su ce ya koma yadda yake. Na uku ya fi damuna domin ya shafi sakamakonsu ne: makarantarmu tana ba gwajin aji kashi 40, jarrabawar ƙarshen zango kashi 60. Yaro ya ci kashi 80 a gwajin aji, ya ci kashi 50 a jarrabawa, sai ajin gaba ɗaya ya tara 80 da 50 ya raba biyu ya ce 65.

Ajin ya haura mutum 70, darasi minti 40 ne, yawancinsu ba su da kalkuleta. Wane tsari ya kamata a bi, da me za a fara, kuma waɗanne misalai ne suka fi zama a kan yaro? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Hedimasta

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kurakuran nan uku tushensu ɗaya ne: yaron bai san kashin mene ne ake magana a kai ba. Yana ɗaukar "kashi 20" a matsayin adadi tsayayye, alhali kashi ba shi da girman kansa sai an faɗi abin da aka yanko shi daga ciki. Kashi 20 na naira 500 ɗari ce, kashi 20 na naira 5,000 dubu ce. Don haka kafin ki ba su kowace dabara, ki kafa doka ɗaya a ajin: ba wanda zai fara lissafi sai ya rubuta a saman aikinsa "100% = kaza". Ki ware wa wannan layin maki ɗaya a kowace tambaya, ki hana makin ga wanda ya tsallake shi ko da amsarsa ta yi daidai. In kin yi sassauci a nan, sauran duk wahalar banza ce.

Darasin farko kada ki rubuta wata ƙa'ida a allo. Ki zana murabba'i mai gida goma a tsaye, goma a kwance, gida ɗari ke nan, su ma su zana a littafinsu mai gida-gida. Ki ce musu murabba'in gaba ɗaya shi ne naira 800, su faɗa miki nawa ke cikin gida ɗaya. Naira 8. To ƙarin naira 200 gida nawa zai cika? Gida 25. Amsa ta fito ba tare da an haddace komai ba. Wanda ya ce 20 ya ɗauki naira 1,000 ne a matsayin murabba'in, sai ki tambaye shi: lokacin da mai kanti zai yi ƙarin, wane farashi ne a gabansa? Abin da ake da shi kafin canji ya faru, shi ne ɗari bisa ɗari. Haka yake a riba da asara: wanda ya sayo a 8,000 ya sayar a 10,000 ya ci ribar kashi 25, domin a kan uwar kuɗi ake auna riba, sai dai in tambayar ta fito fili ta ce a auna a kan kuɗin sayarwa.

Darasi na biyu na lissafin ka ne, kuma shi ne zai maye musu gurbin kalkuleta. Su iya fitar da kashi 10 (a raba da goma), kashi 5 (rabin wancan), kashi 1 (a raba da ɗari), kashi 50 da kashi 25. Da waɗannan biyar ake gina sauran. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan kayan naira 12,000: kashi 10 shi ne 1,200, kashi 5 shi ne 600, rabin 600 shi ne 300, a haɗa 600 da 300, naira 900. Kashi 35 na 4,000: ɗari huɗu sau uku, a ƙara ɗari biyu, 1,400. Ki yi musu irin wannan na minti biyar a farkon kowane darasi har zangon ya ƙare, kowa ya rubuta amsa da manyan lambobi a takarda ya ɗaga sama. A aji mai mutum 70 wannan ce hanyar da za ki ga amsar kowa a lokaci guda.

Kada kuma ki manta cewa yaran sun zo da wani abu daga islamiyya. Sun san rabi, sulusi, rubu'i, sumuni da ushuri daga karatun gado da zakka. Ki jera su a gefen allo da kashinsu: rabi 50, rubu'i 25, humusi 20, sumuni 12.5, ushuri 10, sulusi 33 da ɗaya bisa uku. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, wato kashi 2.5, don haka naira miliyan 2 za a fitar mata da 50,000, ko ta raba da arba'in ko ta ɗaukar rubu'in ushuri. Amfanin gonar damina ushuri ne, kashi 10, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala rabin ushuri, kashi 5. Yaron da ya ga 2.5% da ɗaya bisa arba'in abu ɗaya ne ya daina tsoron ɗigo.

Kuskure na biyu sai a darasi na uku, kuma da kuɗi za ki warware shi, ba da bayani ba. Takalmi naira 5,000. Layin farko: 100% = 5,000, ƙarin kashi 20 dubu ɗaya ce, ya zama 6,000. Yanzu za a rage. Dole a sake rubuta sabon layi: 100% = 6,000. Kashi 20 na wannan 1,200 ne, ya dawo 4,800. An yi ƙarin a kan ƙaramin kuɗi, an yi ragin a kan babba, shi ya sa aka faɗo ƙasa da inda aka taso. Bayan sun yi irin wannan uku ko huɗu, ki nuna musu gajeriyar hanya: ƙarin kashi 20 ninkawa ce da 1.2, ragin kashi 20 ninkawa ce da 0.8, kuma 1.2 sau 0.8 ya ba da 0.96, asarar kashi 4 ke nan ko nawa ne farashin. Ki juya tambayar kuma: an ƙara kashi 25, wane ragi ne zai mayar da farashin asali? Daga 800 zuwa 1,000 kashi 25 ne, daga 1,000 zuwa 800 kashi 20 ne.

Wurin da ya fi kayar da su a jarrabawa shi ne komawa baya. An biya naira 21,500 har da VAT, nawa ne kuɗin kayan? Kusan dukkansu za su cire kashi 7.5 daga 21,500 su sami 19,887.50. A nan layin farko ba "100% = 21,500" ba ne, "107.5% = 21,500" ne. A raba da 107.5, kashi 1 ya zama 200, ɗari bisa ɗari ya zama 20,000. Ki sa su gwada amsarsu kullum: a ɗora VAT a kan 19,887.50 a gani ko za ta kai 21,500. Ba za ta kai ba.

Malam_Lissafi_SS

Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya, ya gama da ɓangaren kashi. Abu ɗaya kawai zan ɗan saɓa masa: ninkawa da 1.2 da 0.8 ban ga ya kamata a kawo ta a darasi na uku a JSS2 ba, sai an tabbatar yaran suna ninka lamba mai ɗigo ba tare da sun ɓatar da ɗigon ba. Wanda bai ƙware ba, shi ne zai rubuta ƙarin kashi 5 a matsayin 1.5 maimakon 1.05, kuma wannan kuskure ya fi na farkon wuyar cirewa. A bar ta zuwa mako na biyu, a fara gwada su da 1.05, 1.5 da 1.005 su faɗi kashin kowanne.

Malama, game da matsakaici mai nauyi, kada ki fara da maki. Maki abu ne da yaro ba ya iya taɓawa. Ki fara da ɗan kasuwar hatsi (farashin misali ne, ki sa na garinku). Ya sayi gero kwano 30 a kan naira 1,500 kowane kwano, ya ƙara sayen kwano 10 a kan 1,900, ya juye su a buhu ɗaya. Nawa kowane kwano ya tsaya masa? Ajin zai ce 1,700. Kada ki ce musu ba haka ba ne. Ki tambaye su nawa ya fitar daga aljihunsa gaba ɗaya: 45,000 da 19,000, jimla 64,000. Kwano nawa ne a buhun? Arba'in. In da gaske kowane kwano 1,700 ya tsaya masa, da ya kashe 68,000, to dubu huɗun nan daga ina ta fito? Su da kansu za su raba 64,000 da 40 su sami 1,600.

Daga nan ki nuna musu cewa ba wani sabon lissafi ba ne. Ki rage adadin: kwano 3 da kwano 1. Ki rubuta 1,500, 1,500, 1,500, 1,900 a jere, su ɗauki matsakaicin da suka saba, su tara su raba huɗu. Amsar dai 1,600 ce. Nauyi ba komai ba ne illa sau nawa lamba ta maimaitu a jerin, ninkawar kuma gajarta tarawa ce. Yaron da ya ga wannan jerin da idonsa ba zai sake tambayar dalilin ninkawa ba.

Sai ki ba su jadawali mai ginshiƙi huɗu wanda za su riƙa zanawa a kowace tambaya: sunan abu, darajarsa, nauyinsa, sai daraja sau nauyi. A ƙasa ana tara ginshiƙi na uku da na huɗu kawai, ginshiƙi na biyu ba a tara shi, ki ja masa layi a ƙasa don kada hannu ya je wurin. A raba jimlar na huɗu da jimlar na uku. Kuskuren da zai biyo baya sananne ne: za su yi ninkawar daidai, su sami 64,000, sannan su raba da biyu saboda layi biyu suke gani. Maganinsa gwaji biyu ne kafin a miƙa takarda. Amsa dole ta faɗo tsakanin ƙaramar daraja da babbar, 32,000 kuwa ba ta tsakanin 1,500 da 1,900. Sannan dole ta rinjaya wajen ɓangaren da ya fi nauyi, kamar sikelin mai awo. Gero mai araha ya fi yawa, don haka amsa za ta fi kusa da 1,500.

Ga masu kaifin kai akwai hanyar ka. Tazarar farashin biyu 400 ce, gero mai tsada rubu'in buhun ne, rubu'in 400 ɗari ne, a ɗora a kan 1,500.

Yanzu tambayarki ta uku ta zama mai sauƙi. Daraja 80 nauyi 40, daraja 50 nauyi 60. 3,200 da 3,000, jimla 6,200, a raba da 100, amsa 62. Ta hanyar ka: tazara 30, kashi 40 na 30 shi ne 12, a ɗora a kan 50. Amma ki kula da wani tarko da malamai ma kan faɗa lokacin cika takardar sakamako. Idan an riga an rubuta makin a matsayin 32 bisa 40 da 30 bisa 60, nauyin yana ciki, tarawa kawai za a yi a sami 62. Wanda ya sake ninka 32 da 0.4 da 30 da 0.6 ya ɗora nauyi sau biyu, zai fito da 30.8 ya kayar da yaron da ya ci. Ana ninkawa da nauyi ne kawai idan duka makin suna kan ma'auni ɗaya, wato kowanne bisa ɗari. Ki ba su tambayoyi na nau'i biyun a cakuɗe, aikin farko shi ne su rubuta wane nau'i ne.

Misalin da ya haɗa darussan biyu wuri guda shi ne wannan. Aji A mutum 60, kashi 50 suka ci. Aji B mutum 20, kashi 90 suka ci. Kashi nawa suka ci gaba ɗaya? Ba 70 ba ne. Mutum 30 da mutum 18, 48 cikin 80, kashi 60. Kashi biyu da tushensu ya bambanta ba a tara su, sai an mayar da kowanne zuwa adadin mutane ko kuɗi tukuna. Idan makarantarku tana koyar da aikin gona, ga wani: buhun takin zamani NPK 15-15-15 (kashi 15 nasa naitirojin ne) mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, buhun takin yuriya mai kashi 46 na naitirojin yana ɗauke da kilo 23. Manomin da ya sayi NPK biyu da yuriya ɗaya yana da kilo 38 cikin kilo 150, kashi 25.3 ke nan, ba 30.5 da tara-a-raba zai bayar ba.

Malama_JSS2

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam. Layin "100% = kaza" da jadawalin nan zan fara da su. Tambaya biyu suka rage. Ta farko, tambayar matsakaicin gudun mota da ke yawan fitowa, a wannan darasin take ko daban? Ta biyu, yaron da bai rubuta ɗaya daga cikin gwaje-gwajen aji ba saboda rashin lafiya, yaya za a fitar masa da makinsa bisa 40?

Mushe_Maraɗi

Sannunku da aiki malamai. Mu a lakwal, wato makarantun boko na Nijar, matsakaici mai nauyi shi ne abin da yaro ke rayuwa da shi tun daga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, saboda maki bisa 20 ne kuma kowane fanni da lambar nauyinsa, wadda muke kira kowefisiyan. Da ita ake fitar da sakamakon aji, da ita ake fitar da na BEPC (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare) da na Bak (ta kammala babbar sakandare), kuma 10 bisa 20 ita ce mafi ƙarancin makin ci. Don haka misalin da ya fi kama hankalin yaro shi ne takardar sakamako. A ce lissafi ya sami 8 da nauyi 4, Faransanci 13 da nauyi 3, tarihi 16 da nauyi 2, wasannin motsa jiki 18 da nauyi 1. Tara-a-raba zai ba da 13.75. Lissafin gaskiya: 32, 39, 32, 18, jimla 121, a raba da 10, ya zama 12.1. Sai a tambayi ajin: in yaron yana da ƙarfin ƙara maki biyu a fanni ɗaya kaɗai, a ina zai sa su? A lissafi suna ɗaga matsakaici da 0.8, a motsa jiki da 0.2. Wannan tambayar ita ce ke nuna wa ya fahimci nauyi, ba wa ya iya cika jadawali ba.

Gudun mota darasi ɗaya ne Malama, abin da ya ɓuya shi ne nauyin. Tafiyar kilomita 120, an je da gudun 60 a awa, an dawo da gudun 40. Yara za su ce 50. Nauyin a nan lokaci ne, ba nisa ba: zuwa awa 2, dawowa awa 3. 60 sau 2 da 40 sau 3, jimla 240, a raba da awa 5, ya ba da 48. Motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali, shi ya sa amsa ta rinjaya wajen 40. A sa su fitar da awannin kafin su zana jadawali.

Wani abu ga masu koyarwa a inda ake ƙirga kuɗin sefa da dala (dala ɗaya sefa biyar ce): yaro kan haɗa dala da sefa a lissafi ɗaya, ya ce dala 20 kashi nawa ne na sefa 1,000 ya amsa kashi 2. Dala 20 sefa 100 ce, kashi 10. Duk lambobin su koma ma'auni ɗaya kafin a raba. Haka kilo da giram, haka awa da minti.

Lakcara_Kimiyya

Ina so in roƙi malaman SS su kai darasin nan har zuwa GPA, wato matsakaicin makin zango a jami'a, kafin yaran su fita, domin ɗalibai da yawa suna shiga jami'a ba su san yadda ake fitar da sakamakon da rayuwarsu ta rataya a kai ba. A jami'o'in Najeriya masu amfani da ma'aunin 5, A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifili, kuma kowane kwas yana da yunit ɗinsa. Yunit shi ne nauyi. Ɗalibi ya sami C a kwas mai yunit 4, B a mai yunit 3, A a mai yunit 3, A a mai yunit 2. 12, 12, 15, 10, jimla 49, a raba da yunit 12, GPA 4.08. Tara-a-raba zai ba shi 4.25. Idan F ce a kwas, makinta sifili ne amma yunit ɗinta yana nan a cikin abin da ake rabawa da shi, kuma wannan ne wurin da ɗalibai suka fi yaudarar kansu, su cire kwas ɗin daga lissafin gaba ɗaya.

Babban kuskuren yana wajen CGPA, wato matsakaicin dukkan zangunan da ɗalibi ya yi. Zangon farko GPA 4.00 a yunit 15, zango na biyu 3.00 a yunit 24. Ɗalibi ya tara ya raba biyu ya ga 3.50, ya kwanta da tunanin yana matakin digiri mai daraja ta biyu ta sama, wanda daga 3.50 yake farawa. Gaskiyar ita ce 60 da 72, jimla 132, a raba da 39, ya ba da 3.38. Matsakaicin matsakaitai ba ya zama daidai sai in nauyinsu ɗaya ne. Shi ne dai aji A da aji B na Malam.

Abu biyu kuma da ban ga an ambata ba. Na farko bambanci tsakanin maki na kashi da kashi kansa. A watan Fabrairun 2020 VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Tazarar 2.5 ce, amma harajin kansa ya ƙaru da rabi, kashi 50, domin wanda ke biyan naira 500 a kan kayan 10,000 ya koma biyan 750. Duk maganganun biyu gaskiya ne, tushensu ne daban, kuma ya kamata ɗan SS1 ya iya bambance su idan ya ji su a rediyo. Na biyu kashin da ya haura ɗari. Yara da yawa sun ɗauka ba ya yiwuwa saboda maki ba ya wuce ɗari bisa ɗari. Kaya ya tashi daga 400 zuwa 1,000: ƙarin 600 ne, kashi 150 na tsohon farashi, sabon farashin kuma kashi 250 ne na tsohon. A murabba'in Baba Hedimasta wannan na nufin a zana murabba'i biyu da rabi.

A hana su taƙaita lamba a tsakiyar lissafi. Wanda ya mayar da sulusi 0.3 tun a layi na biyu zai ƙare da amsar da ta kauce da kashi 10. A riƙe ta a matsayin ɗaya bisa uku, a taƙaita a layin ƙarshe kaɗai.

Malam_Lissafi_SS

Malama, kan yaron da bai rubuta gwaji ba: farko hukuncin makaranta ne, ba na lissafi ba, don haka ki ji ta bakin shugaban makaranta ko mai kula da jarrabawa. In akwai damar a sake masa gwajin, wannan ya fi. In an yarda a yafe, to nauyin gwajin ne ke fita daga lissafin. A ce 40 ɗinku ta kasu gwaji na ɗaya 15, na biyu 15, aikin gida 10. Ya sami 12 bisa 15 da 7 bisa 10, bai yi na biyu ba. Abin da ya rubuta 19 ne bisa 25, kashi 76, kashi 76 na 40 kuma 30.4. In aka sa masa sifili zai tashi da 19 bisa 40, bambancin ya haura maki 11. Masu cika sakamako a manhajar Excel su lura cewa umarnin AVERAGE mai fitar da matsakaici yana tsallake gidan da aka bari fanko amma yana ƙirga wanda aka rubuta 0, kuma ba ya la'akari da nauyi ko kaɗan. In daraja tana B2 zuwa B5, nauyi yana C2 zuwa C5, abin da za a rubuta shi ne =SUMPRODUCT(B2:B5,C2:C5)/SUM(C2:C5). Ga wanda aka yafe wa gwaji sai a mayar da nauyin wannan layin sifili, in ba haka ba SUM zai ci gaba da ƙirga shi.

Ga gwajin minti goma da za ki yi a ƙarshen makon. Amfaninsa shi ne kowace amsa mara kyau tana faɗa miki ciwon yaron, ba sai kin karanta aikin mutum 70 layi-layi ba.

Kashi 15 na naira 6,000. Amsa 900, wanda ya kasa wannan lissafin ka ne bai zauna masa ba. Farashi ya sauko daga 2,500 zuwa 2,000, ragin kashi nawa ne? Amsa 20, mai 25 ya ɗauki sabon farashi a matsayin tushe. An yi rangwamen kashi 10 aka biya 4,500, nawa ne asalin kuɗin? Amsa 5,000, mai 4,950 ya ɗora kashi 10 a kan abin da aka biya. Ɗalibai 45 matsakaicinsu 60, wasu 15 matsakaicinsu 40, nawa ne na duka? Amsa 55, mai 50 bai ga nauyi ba sam, mai 1,650 ya ga nauyin amma ya raba da yawan layi. Ta ƙarshe: yarinya tana da 14 bisa 40 a gwajin aji, kashi nawa take buƙata a jarrabawa mai maki 60 don ta kai 50? Tana buƙatar 36 bisa 60, wato kashi 60, mai amsa 36 ya tsaya a rabin hanya.

Ki raba takardun gida-gida bisa irin kuskuren, washegari ki zaunar da masu kuskure iri ɗaya a benci ɗaya, kowane rukuni da tambaya uku na irin abin da ya kayar da su da lambobi daban. Masu 25 da masu 4,950 za su iya zama tare, su koma kan murabba'i. Masu 1,650 ba sa buƙatar sabon bayani, gwajin "tana tsakanin ƙarama da babba?" kawai za ki tilasta musu rubutawa a ƙarƙashin kowace amsa.